Wace kalma za mu sa wa "scale model" na jirgin ruwa?

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu haɗa ƙananan jiragen ruwa na tarihi da malamanmu na harshe ku matso mu yanke magana kan abin nan da Turawa ke ce wa scale model, wato ƙaramin jirgin da ake haɗawa daidai da awon babba, don kowa da yadda yake kiransa, wani ya ce jirgin wasa, wani ɗan jirgi, wani ma da Turancin yake faɗa ya wuce abinsa.

Jirgin wasa kam ban yarda da shi ba sam. Mutum ya shafe watanni yana jiƙa siraran katako yana lanƙwasa su da zafi ɗaya bayan ɗaya, yana fere bakin kowanne don ya tsuke wajen goshin jirgi, sannan a ce wasa yake? Haba.

Wani ɗan'uwa ya kawo mutum-mutumin jirgi, to amma akwai mutum a cikin kalmar, ba ta zauna ba. Wani malam ya ce kwaikwayon jirgi, wannan ta matso, sai dai kwaikwayo da ido ma ana yinsa, ka kalli hoto ka sassaƙa abin da ya yi kama shi ke nan. Sikeli kuwa duk wanda ya ji ta abin auna nauyi zai tuna.

Ni shawarata mu ce SAMFURIN AWO. Idan an rubuta 1:48 kuma mu karanta shi awon 1 bisa 48.

Dalilina shi ne awon nan shi ne aikin gaba ɗaya. Duk abin da ke jikin babban jirgi sai ka raba shi da lamba ɗaya tak, ba ka da ikon canza ta a tsakiyar aiki. Ɗauki Victory, jirgin yaƙin Ingila da ke ajiye a Portsmouth, benen da aka jera igwa a kai ya kai kusan mita 57, to a awon 1 bisa 48 zai dawo kamar mita 1 da santimita 19, matuƙi mai tsayin santimita 170 ya koma santimita 3 da rabi, igiya mai kaurin milimita 48 ta koma zare mai milimita 1. A nan ne sababbin hannu suka fi faɗuwa wallahi, su auna gangar jiki daidai amma su ɗaura zare iri ɗaya ko'ina, alhali igiyar da ke riƙe turken jirgi ta fi ta jan filafilai kauri nesa ba kusa ba. Har katakon ma awo ya shafe shi, mai manyan jijiyoyi yana tona asirin aiki, shi ya sa gwanaye suka fi son mai laushin jiki kamar itacen fiyar Turai (pear). Kuma wannan 1 bisa 48 ba sabon abu ba ne, da shi aka yi yawancin samfuran rundunar ruwan Ingila a ƙarni na 17 da na 18, inda a da yawansu suke barin ƙasan jirgi ba rufi don a ga haƙarƙarinsa.

Saura ɓangaren tarihi. Kar mu ce mai bin zamani don za a ɗauka na yanzu ake nufi, gara a ce samfurin awo na tarihi, sannan a faɗi shekara. Shekarar nan dole ce fa. Victory an sake shi a ruwa 1765, sai 1780 aka lulluɓe ƙasansa da tagulla, yaƙin Trafalgar da ya shiga kuma 1805, to in na 1765 kake haɗawa ka manna masa tagulla ka ɓata tarihi komai kyan hannunka. Haka Vasa, jirgin yaƙin Suwidin da ya nutse a Stockholm 1628 aka ciro shi 1961, ba shi da sitiyari mai zagaye, da doguwar sanda ake juya shi, sitiyarin sai farkon ƙarni na 18 ya shigo. Ko fenti ma, a 2015 an sake wa Victory launi bayan an bincika tsofaffin fentin jikinsa, rawayar da aka saba gani ta koma mai haske da ɗan ja-ja. Saboda haka kafin ka yanka katako nemi zanen asali tukuna, gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich yana da su da yawa.

Wanda ke da wadda ta fi samfurin awo ya kawo, amma dan Allah ta zo da awo a cikinta.

Abin da ya rage mana igiyoyi. Masu riƙe turke da ake shafa wa kwalta su yi duhu ina ganin igiyoyin tsaye ya dace da su, masu haske da ake ja ana saki kuma igiyoyin ja, sai dai ina tsoron a karanta ja ɗin a matsayin launi. Malamai me kuka gani, mu ce igiyoyin sarrafawa?