Haska allon Ubuntu a talabijin ba tare da kebul ba: ta ina zan fara bincike?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, kuma a zangon da ya wuce aka kafa mana babban talabijin a ɗakin kwamfuta domin nuna wa ɗalibai darasi. An maƙala shi can sama kusa da silin, ta yadda kebul ɗin HDMI da muke da shi ba ya kaiwa teburin malami sai an ja teburin zuwa jikin bango, mutum ya juya wa aji baya. Abokin aikina mai amfani da Windows yakan danna maɓallin Windows tare da K, sunan talabijin ya fito, nan take allonsa ya bayyana a gaban yara, alhali babu rawuta ko intanet a ɗakin. Ni kuwa Ubuntu 24.04, wani reshe na Linux, ce a kwamfutata. Na saka GNOME Network Displays, manhajar haska allo ba tare da kebul ba, tana buɗewa lafiya, amma jerin na'urori yana zama fayau ko da na jira minti goma. Ina roƙon masana su nuna mini inda matsalar take kafin in kashe kuɗi a kan abin da ba zai yi amfani ba.

Baban Khadija ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bayaninka ya riga ya warware rabin tambayar. Hanyoyin haska allo da suka shahara uku ne, kuma ba sa jin yaren juna: akwai AirPlay na Apple, akwai Google Cast wanda ya zo da Chromecast, ƙaramar na'urar Google da ake jonawa a talabijin, a 2013, sannan akwai Miracast wanda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fitar a 2012. Tunda abokin aikinka yana haɗawa ba tare da rawuta ba, babu shakka talabijin ɗinku Miracast yake ji, domin shi ne aka gina a kan Wi-Fi Direct, wato na'urori biyu su ƙulla hulɗa kai tsaye a tsakaninsu. Windows ta zo da shi tun fitowar 8.1, shi ya sa abin ya zo masa da sauƙi.

A Linux kuwa aikin a rarrabe yake a hannun manhajoji da dama, kuma idan ɗaya ta gaza, duka sun tsaya. GNOME Network Displays ba ta neman talabijin da kanta. Tana roƙon NetworkManager, mai kula da haɗin sadarwa a Linux, wanda ya sami damar yin Wi-Fi Direct tun fitowarsa ta 1.16 a 2019, shi kuma ya miƙa wa wpa_supplicant, mai ƙulla haɗin Wi-Fi, daga nan maganar ta isa ga direban katin Wi-Fi, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin. A nan ne aka fi samun cikas, domin kati ɗaya yana iya yin Wi-Fi Direct a Windows amma direbansa na Linux bai iya ba. Ka buɗe tagar umarni ka rubuta `iw list`, ka gangara zuwa wurin da aka jera yanayin aikin da katin ke iyawa, ka duba ko akwai P2P-client da P2P-GO da P2P-device, domin P2P shi ne sunan Wi-Fi Direct a wurin. Idan babu su, to ba sauran abin da za ka gyara a cikin manhajar.

Maman Fadila ta amsa:

Malam, ina goyon bayan abin da Baban Khadija ya faɗa, sai dai ina so ka san abin da ke jiranka bayan sunan talabijin ya bayyana, domin ni a nan na sha wahala. Kwamfutata tana ganin talabijin, tana haɗuwa da shi, sai allonsa ya yi baƙi ƙirin na 'yan daƙiƙoƙi, sannan hulɗar ta yanke. Miracast yana aika hoto ne a matse cikin tsarin H.264, saboda haka dole GStreamer, manhajar da ke sarrafa bidiyon, ta sami abin matsewa kamar x264 ko openh264, kuma wasu rassan Linux ba sa zuwa da su tun farko saboda batun haƙƙin mallakar fasaha. Na biyu, talabijin ne ke ƙwanƙwasa wa kwamfuta ƙofa mai lamba 7236 domin su daidaita yadda za a turo hoton, don haka idan katangar tsaro ta kwamfuta (firewall) a kunne take kuma ta toshe wannan ƙofa, haɗuwar ba za ta ɗore ba. Wannan ce ta kama ni, kuma sai da na buɗe ƙofar hoto ya fito. Haka nan idan kana kan Wayland, sabon tsarin nuna hoto a allo na Linux, wata ƙaramar taga za ta fito tana neman izinin raba allo, kuma wajibi ne ka zaɓi allon ka amince.

Za ka ci karo da masu ba da shawarar MiracleCast, wata manhajar Miracast ta Linux. Ka yi hattara, domin ta fi ƙwarewa wajen mayar da kwamfuta mai karɓar hoto daga wata na'ura, kuma yawanci sai an dakatar da NetworkManager kafin ta yi aiki, abin da ba na ganin ya dace da malamin da ke da minti arba'in kacal a aji.

Malamin Lissafi ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na gudanar da umarnin, kuma abin da na gani shi ne managed da monitor da AP, babu ko ɗaya mai ɗauke da P2P. Ke nan katina ne. Shin in sayi ƙaramin katin Wi-Fi na USB, ko in nemi Chromecast?

Baban Khadija ya amsa:

Kafin ka sayi komai, Malam, ka roƙi abokin aikinka ya ara maka kwamfutarsa na rabin awa, ka tayar da ita da Ubuntu daga filashi ba tare da ka taɓa Windows ɗinsa ba, ka jona ta da intanet ɗin wayarka ka saka manhajar, sannan ka gwada. Idan katinsa ya nuna P2P kuma hoto ya fito, ka tabbatar talabijin ɗin yana jituwa da Linux, sauran aiki na kati ne kawai. Wannan gwajin yana da muhimmanci, domin akwai talabijin da ke dagewa sai an kulle hoton da HDCP, kariyar hana kwafar bidiyo, kuma sabon kati ba zai magance wannan ba.

Idan gwajin ya yi kyau, ni na fi karkata ga sauya katin ciki da na Intel, kamar AX200, saboda direbansu yana cikin Linux tun asali kuma yana yin P2P. Sai dai ka sa mai gyara ya buɗe bayan kwamfutar ya tabbatar katin na cirewa ne, domin a wasu an liƙe shi da dalma a jikin babban allon cikin kwamfutar (motherboard). Katunan USB kuwa sukan zo da suna iri ɗaya amma kayan ciki daban, don haka ka je shagon da kwamfutarka, a jona, ka gudanar da `iw list` a gaban mai sayarwa.

Chromecast ba na ba ka shawararsa a ɗakin da babu rawuta, tunda yana buƙatar shi da kwamfuta su hau Wi-Fi ɗaya, kuma Google ta daina ƙera shi a 2024. Idan talabijin ya ƙi Linux gaba ɗaya, akwai tagwayen na'urorin HDMI marasa kebul, ɗaya a jikin kwamfuta ɗaya a jikin talabijin, waɗanda ba ruwansu da tsarin da kake amfani da shi. Ka sanar da mu sakamakon gwajin, tare da abin da umarnin `lspci`, mai jera kayan cikin kwamfuta, ya nuna game da katin abokin naka.