Roba ko ƙarfe: gardamar gidan kunama

Aminu Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da muka faro jiya a majalisar Mabera magariba ce ta raba mu, ba ta ƙare ba. Na ce gidan kunama na roba yana iya yin ƙarkon na ƙarfe, kuma ina nan kan bakana. Ga waɗanda ba su wurin: bindiga irin M16 da M4 ta Amurka gida biyu gare ta. Na sama ke riƙe da bututu. Na ƙasa ke ɗauke da kunama da mariƙi da ramin da ake cusa gidan harsashi, a bayansa kuma ake ɗaura gindin bindigar. Kan na ƙasan nan muke ja.

Baba Saje: Wa alaikumus salam. Aminu ɗana, shekara 22 ina saɓe da bindiga kafin in aje kaki. G3 na fara riƙewa, sannan FN, sannan AK. Da idona na ga AK ta faɗo daga bayan mota tana cikin gudu, anka koma anka ɗauko ta, anka kakkaɓe ƙura, ta ci gaba da aiki. Kujerar roba nawa ka gani ta shekara uku a tsakar gida a garin ga? Ranar Afrilu ta gasa ta, hunturu shi busar da ita, ka zo zama ƙafarta ta ɓalle kamar karan dawa.

Aminu Injiniya: Allah shi ƙara girma, Baba. Ai ba robar kujera ba ce. Nailan ne da aka cuɗa da zaren gilashi. Kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, gidan ƙasa ba shi ke shan bugun albarushi ba. Idan harsashi ya tashi, ƙarfe ne ke kulle cikin ƙarfe a gindin bututu, can ƙarfin yake tsayawa. Shi ya sa Eugene Stoner, da ya zana bindigar a kamfanin ArmaLite cikin shekarun 1950, bai ma sa baƙin ƙarfe a gidan ba. Alminiyom ne, wanda yanzu ake amfani da irin da ake kira 7075.

Kawu Maƙeri: Sanholo dai ƙarfe ne, yaro. Ni a Maƙera Assada na tashi, guduma na sani. Ƙarfe shina gaya maka kafin shi mutu: shi lanƙwasa, shi lotsa, ka gani ka gyara. Roba ba ta sallama. Yau lafiya lau, gobe ta dare gida biyu.

Malama Hadiza: Kawu da Baba, ku ba ni dama in sa baki, wannan darasin nake koya wa ɗalibaina. Abin da ke kashe kujera ba zafi ba ne kawai, wani sashe ne na hasken rana da ke tsinka zaren robar a hankali har ta yi gautsi. Ku dubi baƙin tankin ruwa da ke bisa gidaje, rana ɗaya suke sha da kujerar, amma yana daɗewa ƙwarai. Baƙin garin gawayi da ake zuba masa ne ke tare hasken, kuma irinsa ake sa wa robar bindiga. Batun narkewa kuma, nailan irin wannan sai wajen digiri 260, alminiyom wajen 660. Zafinmu da ke haura 40 a bazara bai kusa da ko ɗaya ba.

Sai dai kada Aminu ya yi murna da wuri. Roba tana fara saki tun kafin ta kai ga narkewa. Nailan kuma yana shan danshin iska, danshin ne ke ba shi ɗan taushin da zai jure bugu. Idan ya bushe ƙayau, irin bushewar hunturunmu da leɓe ke tsagewa, ya fi saurin karyewa. Nan maganar Baba tana da ƙafa.

Usman Arkilla: Ni tambaya gare ni. Ba Jamus ce ta yi rigima da bindigarta G36 ba saboda roba? Na san ministar tsaronsu ta lokacin, Ursula von der Leyen, ta ce a 2015 bindigar ba ta da sauran makoma a rundunarsu.

Aminu Injiniya: Haka ne, Usman. Amma ƙorafin shi ne idan ta yi zafi saiti yana kaucewa, ba wai tana karyewa ba. Kuma a G36 robar ce ke rungume da gindin bututu, wurin da wuta take, ba gidan kunama ba. A 2016 kotu a Koblenz ta ba kamfanin Heckler & Koch da ya ƙera ta gaskiya, ta ce abin da aka yi oda shi ya kawo.

Baba Saje: To da sunka tashi canzawa mi sunka ɗauka?

Aminu Injiniya: HK416.

Baba Saje: Gidanta na mine ne?

Aminu Injiniya: Alminiyom ne, Baba.

Baba Saje: Madalla. Ni ba kotu nike kallo ba, yaron da ke kwance cikin rami wajen Sabon Birni ko Isa nike kallo. Wanga yaro ba harbi kaɗai shike yi da bindiga ba. Shina dogara ta shi miƙe, shina faɗawa bisa kanta in an buɗe wuta, ana jefa ta bayan Hilux tare da jarkoki da akwatunan harsashi. Ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah, in ya faɗi da dukan nauyinsa bisa gindin bindigar, ina za ta karye?

Aminu Injiniya: Ba zan ɓoye ba. Gidan M16 da aka kwaikwaya da roba yana da wurin mutuwa, kuma sananne ne: zoben baya, inda ake murɗa bututun sifirin da gindi ke hawa kai, da ramin ƙusar baya da ke haɗa gidan sama da na ƙasa. Wurin siriri ne. Da alminiyom aka auna kaurinsa, sai wasu kamfanoni suka ɗauki siffar yadda take suka zuba roba a ciki. Gindin ya zama kamar dogon muciya, duk abin da ya danne shi a wuyan nan yake tarawa, sai ya tsage.

Amma ku dubi inda tun farko don roba aka yi zanen. Steyr AUG ta Ostiriya tun 1977 take aiki, gangar jikinta roba, har cikin kayan kunamarta akwai roba. Ƙaramar bindigar hannu Glock 17 mai jikin roba sojan Ostiriya suka karɓe ta farkon shekarun 1980, yau 'yan sandan ƙasashe da dama ita ke ƙugunsu. SCAR ta kamfanin FN na Beljiyam, gidan sama alminiyom, gidan kunama roba. Ko a jinsin M16 ɗin, akwai KP-15 da aka zuba gidan kunama da gindi da mariƙi a dunƙule guda, aka kawar da siririn wuyan gaba ɗaya.

Kawu Maƙeri: Ashe ka sauko ke nan. Jiya cewa ka yi roba ta kai ƙarfe, ba ka sa sharaɗi ba.

Aminu Injiniya: Na sauko taki ɗaya, Kawu, na yarda. A siffar M16 ta asali alminiyom ya fi. Amma gyaran da ka ce, shi 7075 ba ya karɓar walda yadda ya kamata. In ya tsage shi ma sai canji.

Kawu Maƙeri: Awo, wannan gaskiya ne. Akwai sanholon da in ka sa mashi wuta sai shi ƙara tsagewa gefen ɗinkin.

Baba Saje: Tunda ana faɗin gaskiya, ni ma in faɗi tawa. Lokacin ECOMOG a Laberiya ruwa ba ya ɗaukewa. Da dare ka goge bindiga ka shafa mai, da asuba ka ga ja-ja ya fito gefen ƙusoshi da cikin gidan harsashi. Tsatsa ta wahalshe mu ƙwarai. Nan gida kuma, ka aje bindiga cikin rana rabin awa, wurin ƙarfen ba ka iya kama shi sai ka naɗe da tsumma. Mariƙin roba bai taɓa ƙona mini hannu ba. Wagga na ba ku.

Malama Hadiza: Amurkawa ma sun gamu da haka a Biyetnam. Gidajen M16 na farko da alminiyom 6061 aka yi su, danshi da gumi suka riƙa cin su, aka koma 7075.

Usman Arkilla: Don dai kada wani ya ɗauki zancen wani iri, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana farar hula riƙe irin waɗannan. Abin da za a saya wa jami'anmu muke magana.

Baba Saje: Shi ne ma dalilin da na dage. Bindigar gwamnati ba ta shekara biyar a yar, hannu bayan hannu take bi. Wadda na riƙe ina kurtu ta girme ni a aiki. Ka nuna mini roba da ta yi irin wagga rayuwa cikin rana irin tamu.

Aminu Injiniya: AUG tana hannun sojan Ostireliya shekaru da yawa, Saudiyya ma ta yi amfani da ita, duka ƙasashen rana ne.

Malama Hadiza: Akwai shaida kusa da mu ma. Baƙin kan lagireton motocin yanzu nailan ne mai zaren gilashi, dangin wannan robar. Yana shekaru yana shan tafasasshen ruwa bai ce komai ba. Amma ku tambayi bakanike, in ya tsufa a wuyan da tiyo ke shiga yake tsagewa, wurin siriri.

Kawu Maƙeri: To Malama, ki sa a samo mini guda biyu wurin masu gyaran lagireto, sabo da tsoho. Sabon in raba shi biyu, rabi in aza bisa kwanon shagona daga Maris har ruwa shi sauka, rabi in aje cikin ɗaki. Sannan ku zo Maƙera, in ɗora su bisa uwar maƙera ɗaya bayan ɗaya, guduma ɗaya, hannu ɗaya.

Baba Saje: In Allah ya kai mu, ni zan riƙe awartakin.