Dole ne in sauya tsarina don shekara ta sabunta?

Mai Ɗinki:
Assalamu alaikum. Tun da Janairu ya kama, duk lokacin da na buɗe Facebook sai in ga jama'a suna jera ƙudurorin sabuwar shekara, ni kuwa ban ga abin da zan sauya ba. Da safe ina shago, bayan Magariba ina makarantar dare, kuma hankalina a kwance yake. Shin wannan wadatar zuci ce ko mutuwar zuciya?

Malamin Islamiyya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai mutuwar zuciya ba ya sammakon zuwa shago. Hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Uwar Biyu:
Gaskiya ne, Malam, sai dai ina ba shi shawarar ya duba lissafinsa, domin kuɗin haya da farashin zare ba sa tsayawa wuri ɗaya. Idan shagon yana riƙe gida har a zuba adashi, babu abin damuwa.

Mai Ɗinki:
Na gode, Hajiya. Adashin ne ban taɓa shiga ba, amma zan tuntuɓi telolin layinmu.