An sa ni a benci: wa ya taɓa zaman jiran gurbin digiri na biyu?

Ɗan Rafindaɗi:
Assalamu alaikum. Addu'a ina so, amma yau labarin wanda ya taɓa shiga halin da nike ciki nike nema.

Tun watan Disamba na cike fom huɗu na digiri na biyu a waje, fannin kimiyyar ƙasar noma. Uku sun ba ni haƙuri, kusan da kalmomi iri ɗaya, wai masu nema sun yi yawa bana. Na huɗun, wani shirin tallafin karatu na ƙasashen Turai, ya rubuto cewa ina jerin masu jira. Ba a ɗauke ni ba, ba a kuma sallame ni ba. Ga shi wata jami'a ta nan gida ta ba ni admishan, saura sati biyu a rufe biyan kuɗin karɓa.

Jiya bayan isha'i Baba ya tsare ni a zaure: "To Malam, an ba ka ko ba a ba ka ba?" Na yi ta kame-kame. Ƙanena ne ya cece ni, ya ce, "Baba, benci aka sa shi, sai wani ya ji rauni zai shiga fili." Baba ya yi shiru, can ya ce, "Wato ɗan wani za mu zauna muna yi wa fatan karaya?"

In biya na gida, ko in jira?

Injiniya Ƙofar Ƙaura:
Ƙanena, ka gaya wa Baba ba sai kowa ya karye ba. Wanda yake gabanka a layi sau da yawa wuri uku ya samu, ɗaya kawai zai iya zuwa. Guraben da ya saki su ake raba wa 'yan benci.

Ni a 2019 na yi wannan zaman, a wata jami'a a Amurka. Can akwai yarjejeniya tsakanin galibin jami'o'insu cewa wanda aka ba gurbi da tallafin kuɗi ba za a matsa mashi ya amsa kafin 15 ga Afrilu ba. Shi ya sa duk watan Maris layin ko motsi ba ya yi, sai ranar ta matso ya fara tafiya. Ban san haka ba a lokacin, kullum sai na buɗe imel sau ya fi ashirin, har cikin sahu kafin a tada salla, Allah ya yafe mani.

Abu ɗaya na yi mai amfani. Na rubuta wa farfesan da na ambata a takardata layi biyar: har yanzu ina so, in aka ba ni zan zo, ga aikin da na gama bayan na tura fom. Sau ɗaya na rubuta, ban dame shi ba. Ranar 17 ga Afrilu amsa ta zo. Ba zan rantse cewa wasiƙar ce ta yi aiki ba. Kuma mai nufin Amurka yanzu ya fara bincika dokar biza, ta yi ta canzawa tun bayan tafiyata.

Malama Hajjo, Daura:
Ku da kuke maganar Turai aƙalla ana rubuto muku. Mu na gida wa zai rubuto maka? Suna kawai za ka duba ka ga babu.

Ina koyarwa a sakandare nan Daura. Na fita digirin farko da 2:2, wato ƙaramar daraja ta biyu, maki 2.9, na nemi mastas a fannin ilimi. Shekarar farko jerin farko ya fito ba ni, na biyu ba ni, na cike-giɓi ma ba ni. Na ce makina ne ya yi ƙasa, tunda masu 3.5 zuwa sama suna da yawa. Shekara ta biyu haka aka sake. Uwar mijina har ta fara cewa ko dai karatun ba alheri ba ne a bar shi.

A ta uku na bar yara wajen ƙanwata, na hau motar asuba na je makarantar da kaina. Wani dattijon ma'aikaci, Allah ya saka masa, ya sa na zauna, ya shiga ciki ya jawo wani ƙunshin fayil da aka ɗaure da igiya. Ya lashi yatsa yana buɗewa har ya zo kan nawa. A kusurwar sama an rubuta da jan biro cewa ana jiran takardar sakamakon kwasa-kwasaina daga jami'ar da na gama. Shekara biyu ko teburin sashen fayil ɗin bai kai ba. Na biya kuɗin takardar tun farko, risit yana jakata, amma ba ta taɓa isowa ba, ni kuma ina gida ina zargin ƙwaƙwalwata.

A mota na yi kukana na gama. Sati uku ina bin takardar ofis zuwa ofis har sai da na ga an buga mata hatimin karɓa da idona. A jerin farko sunana ya fito.

Don haka duk wanda aka bari a baya a nan gida, kafin ya ce an ƙi shi, ya je ya ga fayil ɗinsa tukuna. Kai kuma Ɗan Rafindaɗi, ka biya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Abban Walida:
Malama, da girmamawa, ban yarda da "ka biya" kai tsaye ba. Kuɗin nan ba a maidowa, kuma ba kowa ke da na zubarwa ba. Sannan in ya karɓa ya tsere bayan wata biyu, gurbin wani ya toshe. Malamin da zai duba aikin bincike ɗalibai ƙidayayyu yake iya ɗauka, shi ne ma dalilin da ya sa ake barin mutane da yawa masu takardu cikakku. Ni shekara biyu ina jiran digiri na uku saboda mutum ɗaya ne a sashen ke duba fannina, hannunshi kuma a cike.

Malama Hajjo, Daura:
Malam, in ya saki gurbin da wuri ai wani ɗan benci za a kira. Bencin bai ƙare a Turai ba.

Uwar Biyu, Layout:
Ni Chevening na yi, wato tallafin karatun mastas na gwamnatin Birtaniya, kuma daga benci na shiga. Karo na farko ko intabiyu ba a kira ni ba, laifina ne. Suna son shekara biyu ta aiki, awa 2,800, da rubutu huɗu, ni kuma a dare ɗaya na rubuta duka, na cika su da "ina son taimaka wa al'ummata". Karo na biyu na ba da labarin abu guda da na yi a asibitin da nike aiki, da adadin matan da abin ya shafa. Aka kira ni Abuja, a watan Yuni aka ce ina jerin jira.

Ga inda mutane ke faɗuwa. Ko kana benci, dole ka riƙe gurbin jami'ar Birtaniya wanda babu sauran sharaɗi a kanshi kafin wa'adinsu na watan Yuli. Wata da muka yi intabiyu rana ɗaya ta karaya, ba ta je ta yi jarabawar Turanci ta IELTS da jami'arta ta nema ba. Ni na yi, da kuɗin adashi. Da kira ya zo takarduna a shirye suke. Jarabawar ma shekara biyu take aiki, ko ba a kira ni ba da na yi amfani da ita baɗi.

Na Bakin Kasuwa:
Kada a ce duk wanda ya jira sai ya samu. Ni sau biyu ina benci, har aka busa tashi ban taɓa ƙwallo ba. Ko saƙon cewa an rufe jerin ban gani ba, sai hotunan waɗanda suka tafi na gani a Facebook da rigunan sanyi. Na uku ban nema ba, don tun da Naira ta faɗi a 2023 kuɗin fom da na jarabawa kaɗai sun fi jarin da na fara shago da shi. Yanzu wayoyi nike saidawa, alhamdu lillahi. Amma duk watan Satumba sai na ji wani abu a ƙirjina, ba zan ɓoye ba.

Ɗan Batagarawa:
Mu masu digiri mai daraja ta uku ko bencin ba a ba mu, sai mun yi PGD tukuna, wato difloma ta gaba da digiri. Shekara guda na yi a kanta, yanzu ina zango na biyu na mastas. Ku riƙa tunawa da mu in kuna kuka.

Ɗan Rafindaɗi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya Injiniya, na rubuta masu layi biyar ɗin. Sun amsa cewa ni ne na shida a jerin, amma ba za su iya cewa ko layin zai kai kaina ba. Malama Hajjo, na biya na gida, Yaya Babba ne ya cika mani kuɗin. Abban Walida, na yi alkawari in waccan ta fito a ranar zan kai takardar janyewa.

Jibi zan je in ga fayil ɗina da idona, don ni ma risit kawai gare ni. Baba kuma ya samu sabuwar gaisuwa. Yau da asuba muna fitowa masallaci ya ce, "Malam, ya benci? Saura mutum nawa?"