Neman kalma: me za mu kira mai bin sawun guba a ƙarƙashin ƙasa?

Jama'a, ku taya ni neman wata kalma. Ɗan yayata ya karanta abin da Bature ke kira hydrogeology, wato ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa da duwatsun da yake kwance a ciki, ya kuma yi kwas a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando. Ranar da Hajiyarmu ta ce masa, "Kai maigidan, wai aikin me kake yi ne?" sai ya ce, "Hajiya, burtsatse muke haƙawa." Abin ya tsaya min a rai, domin na ga aikinsa da idona, kuma ya wuce haƙa nesa ba kusa ba.

Bara rijiyar maƙwabcinmu ta fara warin fetur. In ka ja guga ka ajiye a rana, sai ka ga maiƙo mai launin bakan gizo yana yawo a sama. Yaron nan ya sa aka huda ƙananan ramuka uku a kewayen gidan, ya zura igiyar awo mai yin ƙara da zarar ta taɓa ruwa, ya rubuta zurfin kowanne. Da wannan ya gane ta inda ruwan ke gangarowa, don ashe na ƙasa ma gangare yake bi, sai dai tafiyar hawainiya yake yi. Ya cika kwalabe, ya jera su a kula da ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji. A ƙarshe sawu ya kai shi tankin wani gidan mai da ya tsage a binne.

To, wannan fa, injiniyan burtsatse za a ce masa?

Wani ya kawo "likitan ruwa". Akwai daɗin faɗi, amma mai jin sa zai ɗauka ma'aikacin da ke zuba sinadari a matatar ruwa ake nufi. "Mai duban ruwa" kuwa, kun san inda kalmar duba ke kai tunanin Bahaushe.

"Masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa" daidai ne, kuma ya dace da labaran rediyo. Damuwata da shi ita ce ya zubar da rabin ilimin, wato duwatsun. Mu nan Kaduna a kan tsohon dutse muke zaune. Babu wani tafki a ƙarƙashinmu, ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin fa. Shi ya sa wani zai haƙa ya samu, na jikin katangarsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Guba ma waɗannan tsagogin take bi.

Masu haƙar rijiya sun riga mu raɗa wa abin suna. In sun kai wurin da ruwa ke tsattsafowa, cewa suke an taɓo jijiya. Don haka ni na tsaya a kan "masanin jijiyar ruwa". Jijiya tana da hanya, tana da inda ta fito da inda ta nufa, kuma abin da ya shige ta sai ya zaga jiki.

Saura sunan aikin gyaran. "Tsaftacewa" ya yi sauƙi da yawa, kamar shara da tsintsiya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, aka zuba sabuwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran ɓarnar mai zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Aiki irin wannan ya fi kama da yasar rijiya: a shiga ciki, a kwaso taɓo da ƙazanta har ruwa ya dawo garau. Ni "yasar guba" nake kiran sa. 'Yan'uwa na Zazzau da Katsina, in a wajenku "idon ruwa" ya fi "jijiya" zama a baki, ku faɗa mu ji.

Jiya na gwada wa Hajiya. Na ce jikanta masanin jijiyar ruwa ne, yasar guba yake yi. Ba ta nemi ƙarin bayani ba, cewa ta yi, "To ya zo ya duba ta bayan gida, ta yi kusa da masai."