Tsaka duk mata: yaya ake tabbatar da cewa ba su buƙatar namiji?

Ɗan Asawase:
Assalamu alaikum, malamai. Idan ɗalibi ya shiga dajin Bobiri da ke kusa da Kumasi a Gana ya kamo ƙananan tsaka ko kulɓa ashirin, ya duba ya ga duk mata ne, ya isa ya rubuta cewa jinsin yana haihuwa ba namiji, kamar yadda ake faɗa a kan wasu ƙadangarun Amazon? In bai isa ba, me ake nema? Kuma ina ruwan ƙidayar kuromosom, wato zaruruwan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin halittar jiki, a ciki?

Malamar Bayoloji, Aboabo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bai isa ba ko kaɗan. Namijin tsaka ana gane shi da kumburi biyu a gindin wutsiya, kuma ƙaramin da bai balaga ba kumburin bai fito ba, sai a sa shi cikin mata. Ga yanayi kuma: da damina matan da ke neman wurin saka ƙwai sun fi faɗawa hannu. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne macen ƙadangare tana iya ajiye maniyyi a cikinta wata da watanni, don haka wadda aka kamo ta yi ƙwai a kwali ba hujja ba ce. Sai an ƙyanƙyashe ƙwan, an reni 'ya ita kaɗai tun ranar farko, ita ma ta yi ƙwan da ya ƙyanƙyashe.

Na Kudancin Amurka da ka ambata an bi su ta wannan hanyar. Gymnophthalmus underwoodi, wanda aka fara bayyanawa daga tsibirin Barbados a 1958, ɗan mitsitsi ne mai zama cikin busassun ganye, ana samunsa har Guyana da Suriname, duk mata. Kuromosom 44 gare shi. Da aka bincika sai aka ga ruwa-biyu ne: jinsi biyu masu maza da mata suka haɗu, aka samu 'yar da ke kwafar kanta.

Baba Mai Madubi:
Malama ta gama da wancan ɓangaren, bari in ɗauki na ƙidaya, don a nan ake ɓata aiki.

Kafin komai a nemi izinin hukumar kula da namun daji. Sannan a yi wa dabbar allurar kolcisin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100, kamar mililita 0.01 a kan kowane giram na nauyinta, a bar ta 'yan awoyi don ƙwayoyin halittar jikinta da ke rabuwa su tsaya a tsakiyar rabuwar, lokacin da kuromosom ke ƙirguwa. A ƙadangaren da bai wuce giram biyu ba, ɓargon ƙashin cinya, inda aka saba ɗebo ƙwayoyin, bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ake kankaro fatar cikin hanji. A jiƙa a ruwan fotasiyam kulorayid mai ƙarfin mola 0.075 na minti 20 zuwa 30. Daga nan sai ruwan daskararwa, metanol kashi uku, asid asetik kashi ɗaya, mai sanyi, a sauya shi sau uku. A ɗiga a kan gilashi, a bari ya bushe, a rina da Giemsa, a duba da madubi mai girmama abu sau 1000.

Jiƙon nan shi ne wurin faɗuwa. In ya yi gajere, kuromosom suna cure kamar dunƙulen zare. In ya wuce, ƙwayar ta fashe, wasu su tarwatse, ka ƙirga 41 inda 44 ne. Ƙadangaru da yawa suna da ƙananan kuromosom kamar ɗigon biro, su ne ke ɓacewa, ko a ɗauki ƙurar rini a ce su ne. Kada a yarda da ƙwaya ɗaya. A ƙirga ashirin aƙalla. Raɓar Kumasi ma abokiyar gaba ce: metanol yana shan ruwan iska, saboda haka a haɗa ruwan daskararwar a ranar aiki. Wanda ya kwana a firij aka ɗauke wuta, a zubar.

Amfanin ƙidayar kuwa, dubi Loxopholis percarinatum na Amazon, wanda da ake sa shi cikin Leposoma: wasu 44, wasu 66, wato saiti uku na 22. Mai saiti uku ba ya iya raba su gida biyu daidai, to in yana ta yaɗuwa, alama ce babba cewa ba namiji yake haihuwa. Sai dai 44 ba ta wanke kowa ba, tunda underwoodi ma 44 ne. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya shafa ɗigon jini a gilashi, domin jajayen ƙwayoyin jinin ƙadangare suna da cibiya, wato ma'ajiyar kuromosom, kuma ta mai saiti uku ta fi girma.

Ɗan Asawase:
Allah ya saka, Baba. To in babu uba, yaya adadin ba ya raguwa rabi a cikin ƙwan?

Malamar Bayoloji, Aboabo:
A ƙadangarun Aspidoscelis na Amurka an nuna a 2010 cewa ƙwayar da za ta zama ƙwai tana ninka kuromosom ɗinta tukuna, kowanne ya haɗu da kwafinsa, sannan a raba. Sai 'ya ta fito sak uwarta. Kada ka haɗa wannan da na guzan Komodo da ya faru a gidan namun daji na Chester a Ingila a 2006. Can na lokaci-lokaci ne, kuma 'ya'yan maza suke fitowa.

Abu ɗaya da Baba bai taɓo ba: kafin ka ce jinsi kaza duk mata ne, ka tabbatar jinsi ɗaya ke hannunka. Hemidactylus fasciatus, tsakar dajinmu mai zane-zane, an daɗe ana mata kallon jinsi guda, sai binciken DNA ya raba ta, har ɗaya ta samu suna kyaboboensis daga gandun Kyabobo na nan Gana. Ka yanki ƙarshen wutsiyar kowacce ka sa a etanol mai ƙarfin kashi 95. Ban da fomalin, yana lalata DNA.