Kuɗin abinci ya haɗa ni da aminiyata a Rum

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema kafin gobe da daddare. Ina birnin Rum na Italiya, hutu muka zo da aminiyata. Tun muna aji ɗaya na sakandare a Zariya muke tare, ita ce babbar ƙawa a bikina, da mahaifiyarta ta kwanta asibiti tare muka yi jinya. Yanzu tana aure a Milan, ita ta taimaka min da takardun biza, har rabin kuɗin masauki ita ta biya.

Jiya ta kai ni wani gidan abinci a unguwar Trastevere tare da abokan aikinta, mu bakwai. Na so cin taliyar carbonara don na ji ƙwai ne da cuku, da na tambayi mai kawo abinci sai ya ce da naman kumatun alade ake yin ta, haka ma taliyar amatriciana. Na koma cacio e pepe, taliya ce da cuku da masoro kawai. Su kuwa sun sha giya, wani kuma ya ci kifin da ake sayarwa da awo, kowane giram 100 da kuɗinsa. Lissafi ya tashi Yuro 280, aka ce a raba daidai, kowa 40. Nawa har da ruwa bai kai 20 ba. Zan yi magana ta taka min ƙafa, na biya. A hanya na ce mata kuɗina ya shiga giya, ta ce in daina ba ta kunya, haka ake yi a nan. Tun jiya gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Gobe kuma sun shirya cin abincin bankwana. In je ko in zauna?

Hajiya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, babu inda za ki. Tun farko me ya zaunar da ke a teburin da aka ɗora kwalba? Kuma kar ki ɗauka alade ne kaɗai matsalar. Risotto, wato dafaffiyar shinkafarsu, galibi da farar giya suke dafa shi, tiramisu kuma, kayan zaƙinsu, sau da yawa akwai giyar Marsala a ciki. Ki tafi wajen Piazza Vittorio kusa da tashar Termini, gidajen halal na 'yan Bangladash suna nan, ki ci ki ƙoshi. Ƙawar da za ta taka miki ƙafa a kan addininki ki sake lale da ita.

Mai tambaya: Hajiya, ita fa ba ta sha ba, ruwa ta sha. Kuma ban san za a kawo kwalba ba sai da muka zauna. Da zan miƙe in bar ta a gaban mutanenta?

Wani mazaunin Brescia: 'Yar'uwa, na daɗe a ƙasar nan. Raba lissafi daidai al'adarsu ce, ba cutar ki aka yi niyya ba. Amma idan tun kafin a fara oda kika ce naki za ki biya daban domin ba kya shan giya, mafi yawansu ba sa jin haushi. Ki je, ki faɗa da wuri, ki ci gasasshen kifi ko pizza margherita. Hukuncin kuɗin jiya kuma ki tambayi malami.

Hajiya: Malam, wane malami kuma ake jira? Abu a fili. Zaman Turai ne ya sa kuke sassauta komai.

Maman biyu: Ni wallahi rabon nan ne ke ƙona min rai. A Abuja ƙawayena suka yi min haka ranar zagayowar haihuwar wata, lemo kaɗai na sha aka ce in ba da daidai da mai cin rabin kaza. Ga kuɗin anko na bara har yau biyu daga cikinsu ba su ba ni ba, kuma kullum suna ɗora hotuna.

Mai tambaya: Yaya na Brescia, ba na jin Italiyanci, ita ke fassara min. Ke nan ita zan sa ta faɗa, ita da take fushi da ni. Kuma ni ba Yuro 20 ɗin ne ke damu na ba.

Wata malama: To ki same ta a ɗaki ku yi magana yau. Wataƙila a cikinsu akwai shugabanta a wurin aiki. Su wane ne mutanen? Kuma mijinki ya san abin da ya faru?

Hajiya: Ko shugaban ƙasa ne. Ki ce kanki ke ciwo, ki kwanta, jibi ki hau jirginki.

Wata malama: Hajiya, ƙarya za ta yi ke nan?

Mai tambaya: Ba zan ce ciwon kai ba, ɗaki ɗaya muke kwana. Magana kuma ita ya kamata ta fara, ni aka taka. Yanzu ta turo min saƙo wai ta kama mana tebur ƙarfe takwas, ko tambaya ta ba ta yi ba. Har yanzu ban ba ta amsa ba.